Gurbin da ya yi toka-toka a fom ɗinmu

Ranar wata Talata a watan Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato kan sa mutum ya ji tausayin ɗan kabu-kabu, ina zaune a wani shagon intanet wajen Gawon Nama ina jiran a buga mini wasu takardu. Janareta na ta ƙugi a baya, fanka tana juya iska mai zafi. Sai ga wani dattijo ya shigo da 'yarsa, tana rungume da fayil na roba. Daga wani ƙauye bayan Gwadabawa suka taso tun da aka idar da sallar asuba. Yarinyar ta samu shiga wata babbar makaranta, an ce ta bugo takardar rajista daga fotal ɗin makarantar ta kawo, sai aka tarar sunanta ya lalace a kan allo. Sunan nata yana da ɗan wakafin nan na sama, irin na Asma'u da Sa'adatu da Mu'azu. A inda wakafin ya kamata ya zauna, wasu alamomi ne da lamba 39 suka maƙale a tsakiyar sunan, kamar tsakuwa cikin shinkafa.

Yaron shagon ya kai linzami kan gurbin sunan ya danna, ya sake dannawa. Gurbin ya yi toka-toka, ko motsi bai yi ba.

"Yaro, mi yah hana ka gyara shi? Ga shi nan ina gani da idona."

"Baba, an kulle wurin ga. Ba ni iya taɓa shi."

"Wa yak kulle?"

"Su can."

"Su wa? Jiya munka tahi ohis ɗin, anka ce mu zo nan."

Yaron ya yi shiru, ya dubi ƙofa, sannan ya rage murya ya ce in Baba zai ƙara naira dubu ɗaya, zai gwada wata dabara. Dattijon ya zaro kuɗin daga aljihun 'yar ciki. Ina kallo yaron ya danna maɓallin F12, wata taga cike da rubutu ta buɗe a gefen allo, ya nemo layin gurbin sunan, ya goge kalma ɗaya. Nan take gurbin ya yi fari. Ya gyara sunan, ya danna maɓallin ajiyewa, fotal ya amsa da koren rubutu cewa an adana. Dattijon ya yi ta sa masa albarka har bakin titi.

Na taya shi murna, amma ni jikina sanyi ya yi. Haɗa manhaja ita ce sana'ata, na kuma san abin da idona ya gani. Fotal ɗin nan ya wahalar da mai gaskiya kwana biyu, ya ci masa kuɗin mota da kuɗin kafe, sannan ya buɗe wa duk wanda ya san maɓalli ɗaya a kan kwamfuta.

Ga yadda abin yake aiki, don wanda ba sana'arsa ba ce. Shafin fotal irin wannan ba a wayarka ko kwamfutar kafe ake dafa shi ba. Can kan saba ake haɗa shi, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da rumbun bayanai. In ka nemi shafi, sabar za ta duba wane ne kai, ta duba ko ka biya kuɗi, ko wa'adi ya wuce, ko wani shugaba ya riga ya amince da takardarka. Daga nan sai ta rubuta shafin da HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, ta miƙo maka. Idan sharaɗin da aka gindaya ya faɗa kanka, sai ta liƙa wa gurbin kalma ɗaya tak ta Turanci, disabled. Burauzarka, Chrome ce ko Firefox, tana cin karo da kalmar sai ta dusashe gurbin ta hana ka rubutu a ciki. Kalmar tana cikin ƙa'idar HTML tun fitowa ta 4, wadda aka tabbatar a watan Disamban 1997, kuma tun daga lokacin aikinta bai wuce wannan ba: roƙo ce ake yi wa burauza. To amma shafi da zarar ya sauka a kwamfutarka ya zama naka. Kana iya buɗe cikinsa, ka goge, ka ƙara, ka aika wa sabar abin da ka ga dama. Masu burauza da kansu suka tanadi wannan tagar don masu haɗa shafuka su riƙa duba aikinsu, ba wani kutse ba ne buɗe ta.

Shi ya sa nake kiran gurbi mai launin toka asabari. Asabarin da ke ƙofar ɗaki yana da amfaninsa: yana gaya wa mai zuwa ya tsaya ya yi sallama. Mai kunya zai tsaya. Akuya ma wani lokaci takan juya. Amma ba wanda ke tafiya kasuwar Illela ya bar kuɗin albasarsa a ɗaki ya ce ai na saki asabari. Ƙyauren gaskiya yana can wurin sabar, a daidai lokacin da fom ya dawo mata. A nan ne ya kamata ta sake tambaya: wannan da ya aiko, yana da ikon canza wannan gurbin a wannan lokacin? In amsar a'a ce, ta watsar da abin da ya aiko, ko da ya zo da shi a rubuce. Fotal ɗin da na gani ranar nan bai yi wannan tambayar ba. Duk abin da ya shigo, karɓa yake yi ya zuba a rumbu. Suna aka gyara a gabana, kuma gyara ne na gaskiya. Sai dai ƙofar da suna ya bi, ita ce shekarar haihuwa za ta bi, ita ce kwas ɗin da aka ba ɗalibi zai bi, kuma in an yi rashin sa'a adadin kuɗin makaranta ma a gurbi irin wannan aka ajiye shi.

Kada wani ya ce ai wannan sakacin 'yan ƙasarmu ne. A watan Maris na 2012 wani matashin mai haɗa manhaja ɗan Rasha, Egor Homakov, ya nuna wa duniya irin wannan ɓarakar a GitHub, dandalin da masu haɗa manhaja na duniya ke ajiye ayyukansu. Ya ja hankalin masu kula da Ruby on Rails, tsarin haɗa shafukan intanet da aka gina GitHub ɗin a kansa, cewa tsarin nasu yana karɓar duk gurbin da ya zo cikin fom ya rubuta a rumbu, sai dai in mai aiki da shi ya tuna ya hana, ba su ɗauki maganar da nauyi ba. Sai ya ƙara wa fom ɗin GitHub gurbin da babu shi a allo, ya jingina makullinsa na shiga ga asusun masu Rails ɗin, ya shiga ya yi rubutu a cikin taskar aikinsu. Da Rails 4 ta fito a 2013 sai aka juya dokar: dole mai haɗa manhaja ya lissafa guraben da ya yarda a karɓa, sauran a yi watsi da su. Masu Django kuma, wani tsarin irin Rails, a fitowarsu ta 1.9, cikin Disamban 2015, suka kawo hanyar kulle gurbi wadda ke aiki a wuri biyu lokaci guda: ta dusashe shi a allo, sannan in wani ya yi masa shisshigi ya aiko da sabon abu, sabar ta ƙi kallonsa ta riƙe na asali. Laravel, wadda matasanmu masu rubuta manhaja da harshen PHP ke aiki da ita, tana da nata jerin guraben da aka halatta cikawa. Kayan aikin suna nan, kyauta, shekara goma da wani abu. Wanda ya karɓi kwangilar fotal a yau ya bar wannan ƙofar a buɗe ba shi da uzurin cewa ba a san abin ba.

Ban faɗi haka don ni na tsira ba. Kalmar nan ta disabled ta taɓa kayar da ni, ta wata fuskar daban. Shekarun baya na haɗa wa wata makarantar Islamiyya a Mabera 'yar manhajar rajistar ɗalibai. Shugaban makarantar ya ce malaman aji su riƙa shigar da sakamako da hadda, amma lambar wayar uba ko waliyyi shi kaɗai zai riƙa taɓawa, saboda an taɓa samun rikici a kan wa ya kamata a kira in yaro bai zo ba. Na ce wannan ai mai sauƙi ne. Na rubuta sharaɗi: in ba shugaba ne ya buɗe shafin ba, a dusashe gurbin lambar. Na gwada, ya dushe, na karɓi kuɗina na yi gaba. Abin da na manta shi ne wata ƙa'ida da ke rubuce ƙarara a dokokin HTML: gurbin da aka dusashe, burauza ba ta haɗawa da shi in za ta aika fom. Yana nan a allo kana ganin lambar, amma in ka danna maɓalli, a gida ake barinsa. Ni kuma a can ɓangaren sabar na rubuta cewa a ɗauki duk guraben fom a maye na rumbu da su. Lamba ba ta zo ba, sai sabar ta rubuta wofi a madadinta.

Ƙarshen zango, malamai suka zauna suka shigar da sakamako yaro bayan yaro. Kowane yaron da aka ajiye sakamakonsa, lambar babansa ta tafi. Da daddare bayan isha'i wayata ta yi ƙara.

"Injiniya, lambobin iyayen yara hwa? Ina sunka tahi?"

Na ce, "Malam, suna nan, ƙila sabis ne."

"Sabis na cin lamba? To taho da sahe ka gani."

Abin da ya cece mu tsohuwar rajista ce mai bangon kwali da Malam ya ƙi yarda a jefar, ni kuwa a baya har na yi masa dariya a kanta. Kwana biyu muka yi ni da wani ƙaramin malami muna kwafe lambobi da hannu, muna shan shayi a barandar makaranta. Ban karɓi ko sisi ba, kuma ban cancanci karɓa ba.

Kalmar disabled tana da wasu tarkunan. Ita ba ta san e ko a'a ba. Kasancewarta a wurin kawai shi ne hukunci. Sabon shiga yakan rubuta disabled ya sa mata false a gaba yana nufin kada a kulle, burauza kuwa ta kulle abinta, domin ta ga kalmar. Mutane da yawa da aka ce musu "an kulle daga sama" ba wanda ya yanke shawarar kulle musu komai, kuskuren layi ɗaya ne. Akwai 'yar uwarta, readonly, wadda ke hana rubutu amma tana barin gurbin ya tafi da fom, sai dai ba ta aiki a kan jerin zaɓi irin na jiha da ƙaramar hukuma, ko ɗan akwatin da ake sa wa alama. Wasu kuma sukan ɓoye kwafin abin a wani gurbi da ba a gani don ya bi fom ɗin. Duka biyun ana buɗe su da F12 ɗin nan ɗaya. An gudu gara an faɗa gidan zago.

Sai batun lokaci, wanda mu nan ya fi shafa. Sabar tana duba sharaɗi ne a lokacin da ta haɗa shafin. Tsakanin wannan lokacin da lokacin da mutum zai danna maɓallin aikawa, a Sakkwato ana iya yin awa guda: wuta ta ɗauke, a tayar da janareta, sabis ya yi ƙasa, a tafi sallah a dawo. A cikin awar nan wa'adi na iya cika, ko shugaban sashe ya amince da takardar daga ofishinsa. Shafin da ke buɗe a kafe bai san an yi ba. In sabar ba ta sake dubawa a ƙofar shiga ba, za a canza abin da aka riga aka sa wa hannu ba tare da an yi wata dabara ba ma.

Yanzu bari in ba masu kullewa haƙƙinsu, don suna da hujja kuma ba ƙarama ba ce. Duk wanda ya yi aikin gwamnati ya san labarin rage shekaru. Mutum gemunsa ya yi fari fat, takarda na cewa saura masa shekara goma sha biyu ya yi ritaya. Mun san masu sayen sakamako, mun san masu zama jarrabawa da sunan wani. In aka bar kowane gurbi a buɗe har abada, rajista ta zama allon makarantar allo, a rubuta da safe a wanke da yamma. Tun 2021 hukumar JAMB ta wajabta lambar NIN kafin a yi rajistar jarrabawarta, kuma sunan ɗalibi da ranar haihuwarsa daga can rumbun NIMC, hukumar katin ɗan ƙasa, ake janyo su. Manufar a bayyane take: mutum ɗaya, suna ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, daga sakandare har bautar ƙasa. Ban ga mai hankalin da zai ƙi wannan ba. Akwai kuma kullewa ta ɗan lokaci wadda taimako ce zalla. Ƙananan hukumomin Najeriya 774 ne. Gara a dusashe gurbin ƙaramar hukuma har sai ka zaɓi jiha, in ka zaɓi Sakkwato a nuna maka 23 ɗinka, daga Binji da Bodinga har Wurno da Yabo, da a zubo maka duka 774 kana lalube a ƙaramar waya.

Inda na raba hanya da su shi ne a kan abin da suke zaton suna kullewa. Suna ɗauka cewa abin da ya fara shiga rumbu gaskiya ne, duk mai son canza shi kuma abin zargi ne. A ƙasar Hausa wannan zaton ba ya tsayawa da ƙafarsa. Mu ba mu gaji sunan dangi irin na Turawa ba. Wani sunan ubansa yake sawa, wani na kakansa, wani na garinsu; shugaban ƙasa na farko mai cikakken iko ma, Alhaji Shehu Shagari, sunan garinsu ya ɗauka. Yaro ɗaya a firamare Muhammadu ne, a sakandare malami ya rubuta Mohammed, a wurin yin katin ɗan ƙasa aka buga Muhammad. Bai yi ƙarya ko sau ɗaya ba. Ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu yawancin fom ba su san da su ba, wakafin sama kuma kun ji abin da ya yi wa 'yar dattijon nan: manhaja ta sauya shi zuwa lambar da HTML ke wakiltarsa da ita, ta sake sauya wannan ɗin, sai tarkacen ya fito fili. Ranar haihuwa kuwa, wanda aka haifa a ɗakin kakarsa a ƙauye, aka ce shekarar da ruwa ya ci gari ce, takardar rantsuwa ta kotu ita ce shaidarsa, kuma duk wanda ya taɓa aikin rajista ya san yadda 1 ga Janairu ke cika da masu haihuwa. Har jiha ma ba ta zauna wuri ɗaya ba. An cire Kebbi daga Sakkwato a 1991, aka cire Zamfara a 1996. Mutumin da aka haifa a Argungu ko Gusau a 1985, tsohuwar takardarsa jihar Sakkwato take cewa, fom ɗin yau kuma in ya zaɓi Sakkwato ba zai ga garinsu a jerin ba.

Ga kuma wanda ya shigar da bayanan tun farko. Ba mai abin ba ne. Yaron kafe ne, mutum ashirin na tsaye a kansa, yana bugawa da sauri don layi ya ragu. Kuskure a irin wannan yanayin shi ne abin da ake tsammani. Wanda ya kulle gurbi bai tanadi hanyar gyara ba, kuskuren yaron kafe ya yi wa siminti.

Saboda haka ni a ganina duk gurbin da aka hana ɗan ƙasa taɓawa hukunci ne aka yanke a kansa, kuma hukunci yana da ladubba. Alƙali ba ya ɗaure mutum ya ƙi gaya masa laifinsa. Gurbi mai toka-toka kuwa bebe ne. Ba ya cewa don ba ka biya ba ne, ko don wa'adi ya wuce ranar kaza, ko don daga NIN ɗinka aka ɗauko, can za ka je ka gyara. Sabar ta san dalilin sarai, tunda ita ta duba sharaɗin kafin ta liƙa kalmar. Rubuta dalilin a ƙarƙashin gurbin layi ɗaya ne, aikin minti biyar. Rashin layin nan shi ke ɗora tsoho a kan mashin daga Gwadabawa, shi ke cika harabar ofisoshi da mutanen da ba a nan matsalarsu take ba, shi ke kuma buɗe kasuwar "kawo wani abu in buɗe maka". Jagoran da gwamnatin Birtaniya ke bai wa masu haɗa shafukanta yana ba da shawarar a kauce wa dusasshen maɓalli in da hali, don ba ya fitowa sosai kuma yana rikita mutane. Su da wutarsu ba ta ɗaukewa ke nan, kuma fom ɗin da yarensu aka rubuta.

Maganar rashin fitowa ba ƙarama ba ce a garin da rana ke dukan allon waya kamar da gayya. Ƙa'idar duniya ta sauƙaƙa shafuka ga masu lalura, WCAG, ta ce rubutu ya bambanta da bangonsa da aƙalla ninki 4.5, amma ta cire dusassun gurabe daga wannan sharaɗin. Ma'ana, abin da aka kulle maka, wanda shi ne ya fi kamata ka karanta da kyau don ka gano kuskure, shi ne aka yarda ya zama mafi wuyar karantawa. Makaho mai aiki da manhajar karanta allo, in yana tsallakawa daga gurbi zuwa gurbi da maɓallin Tab, dusasshen gurbi tsallake shi ake yi gaba ɗaya. Yana iya aika fom bai taɓa jin cewa an ɓata sunansa ba. Muna da dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman wariya, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019. Muna da dokar kare bayanan jama'a ta watan Yunin 2023, wadda ta ba kowa haƙƙin neman a gyara bayanansa in akwai kuskure a ciki. Haƙƙin gyara da ba shi da maɓalli a fotal, sai dai a nemi wanda ya san wani a ofis, bai kai ga talaka ba tukuna.

Kulle na wa'adi ma yana buƙatar a riƙa tunawa da inda muke zaune. A watan Satumban 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 14 na jihar nan saboda matsalar 'yan bindiga. Ɗalibin da ke Sabon Birni ko Isa a lokacin, in yana da fom ɗin cikewa, sai ya yi tafiya a kan hanyar da kowa ke tsoro kafin ya samu sabis. Agogon saba bai san da wannan ba. Sha biyun dare na bugawa gurabe za su yi toka-toka ga na Legas da na gabashin Sakkwato baki ɗaya. Wa'adi dole ne, na yarda. Amma mai tsara fotal yana iya barin wata 'yar ƙofa: wanda ya makara ya rubuta uzurinsa, ya tafi ga mutum mai rai ya duba.

Abin da nake yi yanzu a aikina, kuma nake roƙon abokan sana'a su gwada, shi ne in mutum ba shi da ikon canza abu, ba na nuna masa shi a siffar gurbi sam. Gurbi gayyata ce ta rubutu. Ka shimfiɗa wa baƙo tabarma sannan ka ce kada ya zauna? Ina rubuta abin baƙi ƙirin a matsayin rubutu na yau da kullum, wanda ido zai gani, manhajar makafi ta karanta. A ƙasansa dalili. A gefensa mahaɗin neman gyara, wanda zai kai buƙatar ga mai ikon amincewa, a kuma rubuta wa ya nema, wa ya amince, yaushe, mene ne a da, mene ne yanzu. Wannan rajistar ta canje-canje ita ce ke kama mai rage shekaru, tunda tana barin sawu. Launin toka ba ya barin sawun kowa: yaron kafen nan ya shiga ya fita, kuma in makarantar ba ta ajiye irin wannan rajistar, ba mai sanin an taɓa sunan.

Masu ba da kwangila su ma da nasu. Shugaban makaranta ko darakta a ma'aikata ba sai ya iya HTML ba. Ranar da ɗan kwangila ya zo nuna aiki da majigi, ya isa a ce masa: buɗe shafin ɗalibi, danna F12, cire kullen gurbin kuɗin nan, sa naira ɗaya, aika mu gani. In sabar ta karɓa, kada a sa hannu a takardar biya. Sannan a nemi ya nuna inda ɗalibar da aka ɓata wa suna za ta danna daga ƙauyensu. Gwaji biyu ne, ba su kai tsawon shan kofin shayi ba, kuma sun fi duk jawabin da za a yi ranar ƙaddamarwa amfani.

A manhajar Islamiyyar nan ta Mabera, bayan mun gama kwafe lambobi, na cire dusasshen gurbin. Malamin aji yanzu yana ganin lambar uban yaro a rubuce, ƙarƙashinta kuma da Hausa: "Shugaban makaranta kaɗai ke canza wannan lambar. In ta sauya, danna nan ka rubuta sabuwar, za ta je gare shi." Makon farko buƙatu suka yi ta shigowa, har Malam ya sake kirana yana tambaya ko wani abin ya kuma lalacewa. Muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu iyaye ne da aka rufe wa layi lokacin haɗa SIM da NIN suka sayi sabo, malaman aji sun daɗe da sanin sababbin lambobin, suna rubuce a bayan littattafansu na darasi.